Baba Shebur da Kwatar da Ba Ta Cikin Taswira

Shekara talatin da takwas ya yi yana yashe magudanan ruwan garin, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Da yana saurayi Shebur kawai ake ce masa, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba. Ko a ofishinsu, in ka ambaci sunansa na takarda sai an yi ta kallon juna kafin a gane wa kake nufi.

Ba don sha'awa ya shiga aikin ba. Yana da shekara goma sha tara mahaifinsa ya rasu, ya bar masa uwa marar lafiya da ƙane ɗan shekara shida, wanda kowa ke kira Auta. Ya nemi aiki a gidan buga bulo, aka ce ya dawo bayan damina. Ya nemi gadi, aka ce ya yi yaro. A hukumar tsaftar gari ne kawai ba a ja masa rai ba. Aka miƙa masa shebur da manjagara da dogon takalmin roba wanda ya fi ƙafarsa girma, aka haɗa shi da wani dattijo mai ɗingishi da ya daɗe a aikin.

Ranar farko sau biyu ya yi amai. Dattijon bai yi masa dariya ba. Da aka tashi aiki sai ya ce, "Zo mu ɗan taka." Suka bi kwatar da suka yini a cikinta, daga bakin kasuwa, ta ƙarƙashin titi, ta bayan makaranta, har inda ta faɗa wata ƙorama. Suka bi ƙoramar ita ma, sai ga su a bakin babbar madatsar ruwa. Ruwa shimfiɗe iya ganin ido, ga wani farin gini can gefe, injuna na ta ƙugi a ciki.

Dattijon ya ce, "Ka san ginin can?"

"A'a."

"Daga nan ake tura ruwa zuwa famfon unguwarku. Abin da ka bari a kwata yau, ranar da aka yi ruwan sama nan zai zo. Injinan can suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ba komai suke iya cirewa ba. Ka daina ganin ƙazanta kawai kake kwasa, yaro. Randar gari kake wankewa tun daga nesa."

Da Shebur ya koma gida zai sha ruwa sai da ya ɗaga kofin ya duba cikinsa.

Daga nan aikin ya shiga jikinsa. Ya koyi cewa lakar da aka kwaso ba a barinta a bakin kwata, don ruwa zai mayar da ita inda ta fito, a yi aikin baban giwa. Ya koyi gane toshewa daga kukan ruwa tun kafin a ɗaga murfi. Ya san kwalbatin da ke haɗiye leda, da wanda yashi ke kashewa, da wanda in ya cika matan layin asibiti za su yini suna kwashe ruwa daga ɗakunansu. Gari ya yi ta faɗi, aka yi ta rufe tsofaffin magudanai da kankare ana dasa shaguna a kai, har masu shagunan ba su san ruwa na tafiya a ƙarƙashin ƙafarsu ba. Shi kuwa ya sani, don ya shiga cikinsu tun suna buɗe.

Matarsa tela ce. Sun haɗu ne ranar da ruwa ya shiga shagon da take koyon ɗinki, ya zo ya buɗe kwatar ƙofar, ta miƙo masa ruwa da sabulu ya wanke hannu. Har yau takan ce sabulun nan shi ya jawo mata. Ƙawayenta sun ce duk mazan garin ta rasa wanda za ta aura sai mai warin kwata? Ta ce wari dai sabulu na fitar da shi, mugun hali ne ba ta ga sabulunsa a kasuwa ba tukuna. Haihuwarta ta fari 'yan biyu ne mata, shi ya sa yake kiranta Maman 'Yan Biyu. Ita kuma Maigida take ce masa in ana zaman lafiya, in ya taɓo ta sai ya koma Malam Shebur. Doka ɗaya ta kafa tun makon farko: bokiti da sabulu a bakin ƙofa, kuma takalmin roba ba ya tsallake dokin ƙofarta.

Da wannan shebur ɗin ya yi jinyar uwarsa har ta koma ga Mahaliccinta, da shi ya sa 'yan biyu a makaranta, da shi kuma ya raini Auta. Karatu bai karɓi Auta ba, amma hannunsa na da albarka a kan ƙarfe. Rediyo, agogo, keken ɗinkin matar yayansa, babu wanda bai kwance ya ɗaure ba. Shebur ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani bakanike. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, Auta ya zama mai garejin kansa a tudun gari, a layin kanikawa, da ramin duba mota biyu, da wurin wanki, da ɗan ofis mai fanka. Bai manta da yayansa ba, duk wata sai ya zo gaisuwa da buhun shinkafa a bayan mota. Abu ɗaya ne ke tsaya masa a rai: ya zo wucewa da manyan abokan cinikinsa, ya hango yayansa tsulum cikin kwata har ƙugu.

"Yaya, don Allah ka ajiye aikin nan. Me kake nema da ba zan iya yi maka ba?"

"In na ajiye, kai za ka shiga?"

"Allah ya kiyaye!"

"To ka gani."

Abin da Auta ya kasa, gwiwa ta yi. Sanyin ruwa ya ci gwiwarsa ta dama, shekaru kuma suka cika, hukuma ta sallame shi da takardar yabo. Zaman gida bai karɓe shi ba. Da hadari ya haɗo sai ka gan shi a bakin ƙofa yana leƙen kwatar layinsu, yana tsaki, hannunsa na ƙaiƙayi.

Matarsa takan leƙo daga kan keke ta ce, "Malam Shebur, takardar sallamar nan ka karanta ta kuwa, ko in kira wani ya karanta maka?"

A damina ta biyu bayan ya bar aiki, ruwan farko ya zo da ƙarfi bayan dogon rani. Awa biyu ana tsuga shi kamar da bakin ƙwarya. Washegari masunta suka tarar da kifi birjik a bakin madatsa, ciki sama, ruwan gefen yana ƙyalli kala-kala kamar wuyan tantabara. Kafin rana ta take, hukumar ruwa ta kashe injuna. Famfo ya ɗauke a gari duka. Mata suka fito da jarkoki suna layi a bakin rijiyoyi, asibiti ma sai da aka kai masa ruwa a tanka.

A rana ta uku aka yi sallama a ƙofar gidansa. Wata matashiyar mata ce, ba za ta wuce sa'ar 'yan biyunsa ba, da hular kwano a hannu da doguwar takarda a naɗe. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ce injiniyar da aka ɗora wa gano inda man da ya gurɓata madatsar ya fito. Ta tambayi leburori uku, kowanne ya ce mata in ba Baba Shebur ba sai dai ta tambayi ruwan da kansa.

Maman 'Yan Biyu ta kwashe yadudduka daga kan teburin yanka, injiniya ta shimfiɗa takardarta.

"Baba, taswirar nan ta nuna magudanai shida ne ke zuba a ƙoramar da ke shiga madatsa. Na ɗebi ruwan dukansu na auna. Akwai datti, amma babu wadda dattinta ya isa ya kashe kifi haka."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana bin layukan da yatsa.

"Wa ya zana wannan?"

"Tun kafin a haife ni aka zana ta."

"Ai da gani. 'Yata, ba shida ba ne, goma sha ɗaya ne. Biyar an yi gini a kansu, amma ba su mutu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da kike nema yana cikin waɗanda takardarki ba ta sani ba."

Ya waiwaya ya dubi matarsa. Ta yi kamar ba ta gan shi ba, sannan ta ce, "Takalminka na bayan ɗaki. Ka kakkaɓe shi, kada kunama ta riga ka shiga."

Kwana uku suka yi suna bin gari. Shi a gaba da sandar ƙarfe, yana ƙwanƙwasa kankare yana saurare, in ya ji ƙasa ta amsa da kukan rami sai ya ce a ɗaga nan. Ita a baya da jakar kwalabe, tana ɗibar ruwa tana liƙa wa kowace kwalba takarda. Da farko ya ɗauka irin masu biron nan ce da ke tsayawa nesa suna toshe hanci. Sai ga shi a bayan kasuwa ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta dira cikin kwalbati ba tare da ta jira kowa ba. Daga ranar ya fara yi mata bayani kamar yana magana da abokin aiki.

Sun ga abubuwa. Ruwan jinin mahauta, ruwan sabulun masu wanki, leda da robobi kuwa ba a magana. Ta rubuta duka, amma ta ce ba su ba ne. A rana ta uku da hantsi ya kai ta ƙasan tsohuwar gada, ya buɗa wata doguwar ciyawa da sandarsa. Ga bakin wata tsohuwar kwata, bangonta baƙi wuluk yana sheƙi. Ya lakato da yatsa ya murza, ya shinshina.

"Baƙin mai. Rani duka ana zuba shi yana kwanciya a ciki, ba ruwan da zai tura shi. Ruwan farko da ya zo sai ya kwaso shi gaba ɗaya."

Idon injiniya ya yi haske. "Daga ina kwatar nan ta taso, Baba?"

Ya ce su hau sama tukuna. Tun da ya murza man nan a yatsa ya gane mafarinsa, don ya san kwatar kamar yunwar cikinsa. Can gaba kaɗan ta rabu biyu. Reshen hagu tashar mota ya nufa, na dama kuwa ta bayan layin kanikawa ya bi. Suna tafe ƙafarsa na ƙara nauyi, kuma ba gwiwar ba ce. A tasha ma ana zubar da mai. Da zai ce hagu, za ta je ta samu abin da za ta rubuta, babu mai ce masa maƙaryaci, babu ma wanda zai taɓa sani. Ya tuna Auta yana ɗan shekara shida, riƙe da gefen rigarsa ranar da suka rasa uba. Ya kuma tuna wata tsohuwa da ya gani da safen nan a layin rijiya, ta zauna a kan jarkarta don tsayuwa ta gagare ta.

Da suka iso mararrabar ya ɗaga murfin da kansa, ya tsaya yana kallon ciki fiye da yadda ake bukata.

"Ta hagu tasha take zuwa, za ki samu ɗan mai a can. Amma wannan kaurin daga dama yake. Layin kanikawa. Gareji tara ne a wurin, mafi girmansu na ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na raine shi."

Injiniya ta sauke littafinta. Ta ce a hankali, "Baba, dole in rubuta abin da na gani."

"Ban ce ki fasa ba. Alfarma ɗaya nake nema, ki bar ni in riga takardarki isa."

Da yamma ya tafi garejin. Bai shiga ta gaba ba kamar yadda ya saba, ta baya ya zagaya. Ga shi nan kuwa a fili: an fasa kankaren tsohuwar kwatar an zura bututu daga wurin wanki, gefe kuma ga wani rami da ake juye man da aka sauke daga injin mota. Ƙasar wurin ta yi baƙi, ko ciyawa ba ta fito ba.

Auta ya hango shi ya taso da fara'a. "Yaya! Yau kai ne ta ƙofar baya kamar mai gudun surukai? A kawo lemo!"

"Bar lemon. Ka san inda ramin nan ke zuwa?"

Auta ya dubi ramin, ya ɗaga kafaɗa. "Ƙasa mana. Kowa a layin nan haka yake yi. Tun ina koyon aiki haka na tarar."

"Madatsa yake zuwa. Shi ya kashe kifin, shi ya rufe famfo. Ni ma da laifina, shekara nawa ina zuwa nan ina shan lemo a ofis ban taɓa zagayowa baya ba. Gobe ko jibi takardar hukuma za ta zo. Na zo ne ka ji daga bakina, ni na nuna musu hanya."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskar Auta kamar an kashe fitila.

"Kai? Kai da kanka, Yaya? Mutum goma sha huɗu ke cin abinci a ƙarƙashina! Ba za ka iya zuwa ka faɗa min a asirce ba sai ka kawo min hukuma?" Muryarsa ta ɗaga har masu aiki suka tsaya da guduma a hannu. "Ka ƙare rayuwarka a cikin kwata, yanzu ni ma so kake ka ja ni ciki!"

Maganar ta fita, ba ta komawa. Baba Shebur ya gyara zaman hularsa.

"Ruwan da 'ya'yanka suka sha yau, a ina ka samo?"

"Saya na yi."

"Madalla. Wanda ba shi da halin saye fa?"

Ya juya ya tafi yana jan ƙafa.

Takarda ta zo. Aka rufe wuraren wankin mota na gareji tara ɗin, aka ce ba buɗewa sai kowa ya gyara hanyar ruwansa. Famfo ya dawo bayan an tsame man da za a iya tsamewa, amma Auta bai dawo ba. Wata ya ƙare, motarsa ba ta tsaya a ƙofar gidan ba. A layin kanikawa ana ta cewa Baba Shebur ya sayar da ɗan'uwansa don a ce da shi mai gaskiya. Shi kuma abinci ya daina wuce masa, yakan zauna a tsakar gida ya ƙura wa bango ido.

Ran nan Maman 'Yan Biyu ta tsayar da kekenta ta juyo.

"Maigida, gaskiya ka faɗa, babu wanda ya ce ka yi ƙarya. Amma a rabin hanya ka tsaya. Ni in na ce wa mace rigarta ta yage, ba na barinta a tsaye tana kare jiki da hannu, zare da allura nake ɗaukowa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"To me zan yi? Ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Ni na ce ka je gaisuwa? Me ka iya a duniya?"

Washegari ya nufi ofishin injiniya. Ta karɓe shi da murna, ta ce ita ma abin na damunta, don takardar rufewa ba ta wanke ruwa, kuma yawancin kanikawan ba taurin kai ne ya hana su gyara ba, ba su san me za su gina ba ne. Ta ɗauki fensir ta zana masa rami mai ɗaki uku. Ruwan wanki zai fara shiga ɗaki na ɗaya, yashi da laka su kwanta. A na biyu mai zai taso sama, tun da mai ba ya nutsewa, bututu kuma ya ja ruwan daga ƙasa ya bar man a baya, a riƙa kwashe shi. Na uku a cika shi da tsakuwa da yashi, ruwan ya tsiyaye ta ciki kafin ya fita. Man inji kuwa ko kusa da ramin kada ya zo, a tara shi a durom, akwai kamfanin da ke zuwa ɗauka ya sake sarrafa shi.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Wannan ai ba ya bukatar boko. Shebur yake bukata."

Ranar Litinin da sassafe masu buɗe gareji suka tarar da shi a bayan wurin wanki, ya ja igiya ya kafa turaku, yana sara ƙasa. Auta ya zo ya tsaya daga nesa, hannu a aljihu, sannan ya koma ofis. Baba Shebur ma bai ɗaga kai ba. A rana ta biyu da ya iso ya tarar an ajiye kujera da jarkar ruwan sanyi a inuwa, ba a ce ga wanda ya ajiye ba. Ya sha ruwan, bai zauna a kujerar ba. Kanikawan layin suka riƙa zagayowa ɗaya-ɗaya kamar masu wucewa, suna leƙen ramin suna leƙen takardar da ya danne da dutse.

A rana ta uku ramin ya kai masa ƙirji. Da rana ta yi zafi ya yunƙura zai fito, gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake gwadawa, ya zame ya zauna daɓas a ƙasan ramin. Ya jingina da bango yana haki, yana kallon sama. Can sai inuwa ta rufe shi. Auta ne, cikin fararen kaya, da alama fita zai yi.

"Yaya, fito haka nan."

"Da zan iya ai da a waje ka same ni."

Auta ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya cire agogonsa ya dira cikin ramin da fararen kayan, ya sa kafaɗa ya tallabo yayansa.

"Kai, Yaya, ashe kana da nauyi haka."

"Shekara nawa na yi ina saɓa ka a wuya, ka taɓa jin na yi ƙorafi?"

Ya zaunar da shi a kan kujerar, ya tsuguna a gabansa yana murza masa gwiwar, kansa a ƙasa. Sai da aka jima ya ce, "Maganar da na faɗa ranar nan…"

"Wacce? Kunnena ya tsufa."

"Ka yafe min, Yaya. Da kwatar nan ka ciyar da ni."

Baba Shebur ya kawar da kai ya dubi ramin, yana ƙifta ido. "Kayanka sun riga sun ɓaci. Ɗauki shebur ɗin, kusurwar can ba ta miƙe ba."

Cikin kwana goma aka gama, da bulo da siminti da murfin ƙarfe wanda Auta ya haɗa da hannunsa. Ranar gwaji aka wanke wata babbar mota mai maiƙo, rabin layin suka taru suna kallo. Ruwa ya shiga baƙi, aka yi ta jira, ya fito ta ɗaya gefen garai-garai ba ƙyalli. Injiniya ta cika kwalbarta ta tafi da ita, bayan kwana biyu ta dawo da takardar buɗewa. Kanikawa biyar suka kwafi ramin a cikin watan, Baba Shebur na zaune a kujera yana nuna musu da sanda. Biyu sai da aka sake yi musu gargaɗi. Ɗaya kuwa ya kwashe kayansa ya koma bayan gari, har yanzu injiniya na fama da shi.

Ita ma ba ta tsaya nan ba. Shekara biyu ta yi tana hawa da sauka a ofisoshi kafin a yarda a haƙa wani faffaɗan tafki a ƙasan tsohuwar gada, inda ruwan sama zai fara tsayawa ya huce, laka ta kwanta, kafin ya gangara ƙorama. Rabin abin da ta nema aka ba ta, ta ce da babu gara ba daɗi. Aka sa ragar ƙarfe mai tare leda, aka dasa ciyawar bakin rafi a kewaye don ta ƙara tace ruwan. Duk ranar Laraba kuma sai ta zo gidan Baba Shebur, su baje takarda a teburin yanka, yana faɗa tana zanawa, har sabuwar taswira ta kammala. Magudanan ma ashe goma sha uku ne, ba sha ɗaya ba. Ta gano biyu da shi bai sani ba. Kwana biyu ya yi yana musu, da ta kai shi ya gani da idonsa ya ce lallai bayan ya bar aiki aka gina su.

Ba a ce komai ya gyaru ba. Leda na nan tana zuwa, sai an kwashe ragar nan duk bayan ruwa, mahauta kuma har yanzu ana kai ruwa rana da su. Amma damina uku ke nan ruwan farko na sauka ba a tsinci mataccen kifi a bakin madatsa ba, famfo kuma bai ɗauke ba. Masunta sun ce har irin ƙananan kifin da suka daina gani sun fara dawowa bakin ƙorama.

Baba Shebur yanzu da sanda yake tafiya. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi Auta kan zo ya ɗauke shi a mota su je su duba tafkin, su tsaya a kan gada suna gardamar ko ruwan ya fi na bara haske. Ranar wata Asabar suka dawo daga can da yamma, ana sauran yayyafi, yana ta ba Auta labarin yadda tafkin ya shanye ruwan awa uku bai tumbatsa ba. Suna shiga gida suka tarar da Maman 'Yan Biyu ta jera robobi huɗu a tsakar ɗaki, ta janye kekenta gefe, ruwa na ɗiga daga rufi.

Ta ce, "Sannunku da zuwa, masu gyaran ruwan gari. Indararon gidan nan wata biyu ke nan ganye ya toshe shi. Ko shi ma sai na rubuto takarda daga hukuma?"

Auta ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya naɗe hannun riga, ya fita aro tsani a maƙwabta.